Daga Kano zuwa Nacade: da me ake auna jirgin yaƙi?

Mazauna kudancin jahar Maradi, daga Ɗan Isa zuwa Gabi, sun saba da rugugin jirgin yaƙi tun lokacin da ƴan bindiga suka yi sansani cikin dazuzzukan bakin iyaka. Da zarar an ji ya wuce, sai gardama ta ɓarke a tasha da kasuwa da ƙofar ofis: wane iri ne, na wace ƙasa ne, wanne ya fi wanne gudu. Gardamar nan kuwa ta girmi masu yin ta, domin tun zamanin yaƙin Hitila ake tafka ta, kuma wani sashe na amsarta a nan kusa da mu aka rubuta shi, a filin jirgin sama na Kano, wanda bai kai kilomita 300 daga Madarunfa ba. A wannan mako za mu ɗora waɗansu shahararrun jirage a kan sikeli, mu duba abin da takardar masana'anta ta ce game da su, sa'an nan mu duba abin da suka aikata a fagen fama.

Kafin mu shiga, ya kamata mai karatu ya rarrabe iri biyu. Akwai jirgin bom, wanda aikinsa ɗaukar kaya ya je ya zubar a kan abokan gaba. Akwai kuma jirgin farauta, ƙarami mai mutum ɗaya, wanda aka ƙera domin ya tare jiragen abokan gaba a sama, ya kuma yi wa na gida rakiya. A kan wannan na biyu maganarmu za ta fi tsayawa.

HANYAR TAKORADI

A watan Yunin 1940 abubuwa biyu suka rikita wa Ingila lissafi. Ran 10 ga wata Italiya ta shiga yaƙi a gefen Jamus, ran 22 kuma Faransa ta sa hannu a takardar tsagaita wuta. Tekun Bahar Rum ya zama tarko ga jiragen ruwan Ingila, ga shi kuwa sojojinta na Masar suna bukatar jiragen sama. Idan aka ce a zagaya da kaya ta ƙasan Afirka ta Kudu, tafiyar watanni ce.

Sai aka tuna da wata tsohuwar hanya. Tun ran 1 ga Nuwamban 1925 jirage uku na sojan Ingila suka sauka Kano daga Masar, ƙarƙashin wani hafsa mai suna Arthur Coningham, su ne jiragen farko da Kanawa suka gani. A 1936 kuma kamfanin Imperial Airways ya fara jigila tsakanin Hartum da Kano. Wannan sawu aka bi. Ana kawo jirage a wargaje cikin manyan akwatuna zuwa tashar ruwa ta Takoradi a Gwalkwas, wato Gana ta yau, a harhaɗa su a can, a gwada su, sa'an nan su tashi ayari ayari: Takoradi, Ikko, Kano, Maiduguri, For-Lami, Janaina, Fashir, Hartum, har Alƙahira. Tafiya ce ta wajen kilomita 6,000, ta kusan kwana shida. Ayarin farko ya tashi cikin Satumban 1940, jirgin bom ƙirar Blenheim guda ɗaya a gaba yana ja-gora, jiragen farauta ƙirar Hurricane shida suna biye. Kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya.

A lokacin ƙasarmu tana hannun gwamnatin Vishi, wadda ta yi sulhu da Jamus, kuma haka ta zauna har Nuwamban 1942. Saboda haka iyakar da ke tsakanin Maradi da Katsina ta zama iyaka tsakanin ɓangarori biyu da ba su ga maciji. Abin da ya ceci hanyar shi ne Cadi. Ran 26 ga Agustan 1940 gwamna Félix Éboué ya bi Janar de Gol, da haka aka samu wurin sauka tsakanin Najeriya da Sudan. Da Cadi ta yi irin zaɓin da aka yi wa Nijar, da hanyar ta yanke a tsakiya.

JIRAGE HUƊU A KAN SIKELI

Hurricane, ƙirar kamfanin Hawker, ya fara tashi a Nuwamban 1935. Injinsa Rolls-Royce Merlin ne mai ƙarfin doki kimanin 1,030, bindigoginsa takwas, gudunsa wajen kilomita 520 cikin awa. Ƙashin jikinsa bututun ƙarfe ne, rabin jikin na baya kuwa da yadi aka lulluɓe shi. An ƙera fiye da 14,000.

Spitfire, na kamfanin Supermarine, ya fara tashi a Maris na 1936. Inji ɗaya suke da shi da Hurricane, bindigogi ma takwas, amma jikinsa siriri ne na gorar-ruwa, fiffikensa kuma maras kauri, shi ya sa yake kai kilomita 570 zuwa 580. An ƙera fiye da 20,000.

Messerschmitt Bf 109 na Jamus ya fara tashi a 1935. Samfurin da ya yi yaƙin 1940 yana gudun kilomita 560 zuwa 570, yana ɗauke da ƙananan igwa biyu masu bakin milimita 20 da bindigogi biyu. Injinsa yana fesa mai kai tsaye, ba ya bukatar kafireta, saboda haka matuƙinsa yana iya dulmiya hanci ƙasa farat ɗaya, alhali na Ingila idan ya yi haka sai injinsa ya sarƙe na ɗan lokaci. An ƙera kusan 34,000, babu wani jirgin farauta da ya kai shi yawa a tarihi.

Na huɗu shi ne Curtiss P-40 na Amurka, wanda ya fara tashi a 1938. Turawan Ingila sun raɗa wa samfurin farko Tomahawk, na baya kuma Kittyhawk, mai manyan bindigogi shida. Jirgi ne mai nauyi da ƙwari, amma injinsa na Allison yana rasa numfashi idan aka haura mita 4,500. An ƙera 13,738. Shi ma ya bi hanyar Kano: cikin Mayun 1942 guda 68 suka tashi daga kan wani jirgin ruwan Amurka mai suna Ranger suka sauka Ankara ta Gwalkwas, a Yuli kuma waɗansu 72 suka biyo baya.

In da takarda ce ke yaƙi, da jerin ya fito a fili: Spitfire da Messerschmitt a gaba, P-40 a tsakiya, Hurricane a baya. To, ga abin da ya faru. A yaƙin da aka gwabza a sararin Ingila daga Yuli zuwa Oktoban 1940, rukunonin Hurricane sun fi na Spitfire yawa nesa ba kusa ba, kuma fiye da rabin jiragen Jamus da aka kakkaɓo su aka lissafa wa. Rukunin da aka lissafa wa kisa mafi yawa, mai lamba 303, na matuƙa ƴan Polan ne, da Hurricane suke yaƙi, kuma sai a ƙarshen Agusta suka shiga fagen. Messerschmitt kuwa, duk da gudunsa, idan ya iso kan birnin Landan man da ya rage masa na faɗan kamar minti goma ne, dole ya juya gida ya bar jiragen bom ba rakiya.

Duk da haka Spitfire ne ya kwashe suna. Har a Najeriya an tara kuɗin gudunmawa daga talakawa da sarakuna domin sayen jirage, aka kuma raɗa wa wani rukunin Spitfire mai lamba 91 sunan Najeriya. A daidai lokacin, jirgin da ke sauka Kano yana shan mai ya wuce fagen daga, wanda kuma ya riƙe Masar kusan shekara biyu, shi ne wanda ba a yi wa kirari ba.

HUKUNCIN HAMADA

Me ya sa aka aika Hurricane, aka riƙe Spitfire a gida har 1942? Dalili na farko, Ingila tana tattalin Spitfire domin tsaron kanta. Na biyu kuwa duk ɗan kasuwar da ya taɓa sa mota a hanyar Agadas zai gane shi. Ƙafafun Hurricane a buɗe suke, yana sauka a filin tsakuwa da rairayi ba tare da ya kife ba, ƙafafun Spitfire da na Messerschmitt kuwa a matse suke, kuma Jamusawa sun yi asarar jirage masu yawa wajen tashi da sauka kawai. Idan harsashi ya huda yadin Hurricane, bakanike zai liƙe shi da ƙyalle da gam, jirgi ya koma aiki. Idan ya huda jikin gorar-ruwa, sai an nemo ƙwararre da kayan aikinsa. Wato dai irin dalilin da ya sa Peugeot 404 akori-kura ta daɗe tana mulkin hanyoyin karkara, alhali akwai motocin da suka fi ta gudu da kyan gani.

Hamada kuma tana karɓar nata haraji. Ƙura tana cin inji, dole aka ɗaura wa jiragen babbar rariyar iska a ƙarƙashin hanci, ita kuma ta rage musu gudu. Jirgin da ya taso daga Takoradi ya sha hazo da zafi da guguwa, kafin ya isa Alƙahira injinsa ya gaji, sai an kwance an duba kafin a miƙa shi ga mayaƙa. Waɗansu ma ba su isa ba, sun ɓace ko sun faɗi a hanya.

Cikin Afrilun 1941 Messerschmitt ya iso Libiya tare da rundunar Jamus mai lamba 27, kafin ƙarshen shekara kuma aka kawo sabon samfuri da ya fi na farko gudu da hawa. Daga nan Hurricane da Tomahawk suka shiga uku. Bajamushe yana hawa can sama inda P-40 ba ya iya bin sa, ya faɗo ta gefen rana, ya yi harbi, ya sake hayewa. A faɗan jirgi da jirgi babu shakka Messerschmitt ne gwani a hamadar Libiya. Amma ko a nan matuƙi yana da nasa rabo: Clive Caldwell, ɗan Ostareliya, ya kakkaɓo jirage fiye da ashirin da wannan P-40 ɗin da ake rainawa.

Kwamandan jiragen Ingila a hamada daga 1941 shi ne Coningham, mutumin nan da ya fara sauka Kano a 1925. Da ya ga jiragensa ba su iya ƙwace can sama, sai ya ba su aikin da suka iya. Aka ɗaura wa Kittyhawk bama-bamai, aka ɗaura wa wani samfurin Hurricane igwa biyu masu bakin milimita 40 domin fasa tankoki, kuma a Yunin 1942 aka fara gwada su a wajen Bir Hakim, inda sojojin Faransa mai ƴanci ƙarƙashin Janar Koenig suka tsaya wa Rommel kwana goma sha biyar. Muhimmin abin da Coningham ya yi shi ne ya kafa zangonsa kusa da na kwamandan sojan ƙasa, aka shirya hanyar da mayaƙan da ke gaba za su aiko da bayanin inda abokan gaba suke, da alamun da matuƙi zai bambanta na gida da na waje. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu sake bukatarsa.

ƘIDAYAR GWANAYE

Babban gwanin Jamus a hamada shi ne Hans-Joachim Marseille. An lissafa masa jirage 158, daga ciki 151 a Afirka ta Arewa. Ran 1 ga Satumban 1942 kaɗai ya ce ya kakkaɓo 17. Ya mutu ran 30 ga wannan wata yana da shekara 22, lokacin da injinsa ya kama hayaƙi ya yi ƙoƙarin dira da laima.

Akwai abin lura biyu game da irin wannan ƙidaya. Na farko, matuƙin da ke cikin hayaƙi da tsoro yana ganin abin da yake so ya gani, kuma mutum uku suna iya harbin jirgi ɗaya kowa ya rubuta shi a nasa littafi. Ran 15 ga Satumban 1940 Ingila ta yi shelar ta kakkaɓo jiragen Jamus 185, da aka buɗe takardun Jamus bayan yaƙi sai aka tarar wajen 60 ne. Kowane ɓangare ya yi irin wannan ƙari, kuma masana tarihi sun daɗe suna jayayya a kan 17 ɗin Marseille.

Na biyu ya fi nauyi. Kusan duk jiragen da Marseille ya kakkaɓo na farauta ne, wato ƴan rakiya. Jiragen bom da ake yi wa rakiyar suna wucewa su sauke kayansu. Ranar da ya yi bajintar 17 ana tsakiyar yaƙin Alam Halfa, jiragen Ingila suna ruwan wuta a kan motocin Rommel dare da rana, mai ya yanke masa, ƴan kwanaki kaɗan ya ja da baya. Gwani ya cika littafinsa, rundunarsa ta sha kashi. A Oktoba aka yi karon Al-Alamain, sama tana hannun Ingila da ƙawayenta, a Mayun 1943 kuma ragowar sojojin Jamus da Italiya suka miƙa wuya a Tunisiya.

Su kansu Jamusawa sun san inda jijiyar take. Cikin Janairun 1942 wani jirgin bom ƙirar Heinkel 111, guda ɗaya tak, ya taso daga kudancin Libiya ƙarƙashin wani hafsa mai suna Theo Blaich, ya ratsa Sahara, ya jefa bama-bamai a ma'ajiyar mai ta For-Lami, lita dubu ɗaruruwa suka ƙone. A hanyar komawa shi ma mai ya ƙare masa, ya sauka cikin rairayi, sai bayan kwanaki aka ceto mutanensa. Man nan da ya ƙone da wahala aka kai shi. Zuwa Kano akwai jirgin ƙasa daga Ikko, amma dogo bai isa Maiduguri ba sai 1964, saboda haka daga nan gaba aikin kamyo ne da ganguna da lebura. Waɗannan leburori da direbobi da masu share fili ba a rubuta sunansu cikin jerin gwanaye ba, amma ba don su ba babu Hurricane ɗin da zai ga Alƙahira.

MIG-17 DA JARIRAN BIYAFARA

Shekara ashirin da ƴan kai bayan haka filin Kano ya sake karɓar jirage cikin akwatuna. Yaƙin basasar Najeriya ya ɓarke a Yulin 1967, cikin Agusta kuma manyan jiragen dakon Tarayyar Sobiyet suka sauke MiG-17 a Kano, aka kuma samo L-29 daga Cakoslobakiya. Da farko matuƙa ƴan Masar ne suka riƙa tuƙa su. Masu shekaru za su tuna cewa shugaba Diori Hamani ya tsaya tare da gwamnatin tarayya, alhali Faransa ta karkata wajen Ojukwu.

MiG-17 yana gudun kilomita 1,100 cikin awa, da igwa uku, ɗaya mai milimita 37, biyu masu 23. Abin da Biyafara ta fara da shi tsohon jirgin bom ne na yaƙin Hitila, ƙirar B-26. Wanda ya kawo shi, Jan Zumbach, yana cikin ƴan Polan ɗin nan na rukuni na 303 da suka tuƙa Hurricane a 1940. Wannan tsohon jirgi ya kai hari Makurɗi, ya kuma kai har filin Kano cikin Agustan 1967.

A Mayun 1969 wani ɗan Suwidin, Carl Gustaf von Rosen, ya kawo ƙananan jirage biyar na koyon tuƙi, ƙirar MFI-9, aka harhaɗa su a Gabon. Injin kowanne ƙarfin doki 100 ne, gudunsa bai kai kilomita 250 ba, an ɗaura masa roka goma sha biyu. Aka yi musu laƙabi da jariran Biyafara. Suna tafiya dab da kan itatuwa, ba a jin su sai sun iso. Ran 22 ga Mayu suka faɗa wa filin Fatakwal, bayan ƴan kwanaki na Binin da na Inugu, suka lalata jiragen tarayya da dama a inda suke ajiye. Jirgin da ya ninka su gudu sau huɗu ya kasa kare kansa, domin a ƙasa aka same shi.

Babban aikin da ake nema daga MiG-17 shi ne rufe filin Uli, wani yanki na titin mota da aka mayar wurin saukar jirage, inda abinci da makamai ke shiga Biyafara da dare. Bai iya ba, saboda samfurin da aka kawo ba shi da na'urar rada ta farautar dare. Harbin da aka fi tunawa da shi a sama shi ne na ran 5 ga Yunin 1969, lokacin da MiG ya kakkaɓo jirgin agaji na ƙungiyar Kuros Ruj ƙirar DC-7, ma'aikatansa huɗu suka mutu. Wannan, tare da bama-baman da suka faɗa kasuwanni da asibitoci, ya jawo wa gwamnatin Gowon baƙin jini a duniya fiye da ribar da ta samu a fagen daga. Yaƙin ya ƙare a Janairun 1970, kuma sojan ƙasa ne suka ƙare shi. Su ma jariran, duk da sunan da suka yi, ba su hana Biyafara faɗuwa ba.

WADI DUM

Misali na uku daga maƙwabciyarmu ta gabas yake. A shekarun 1980 Libiya tana da jiragen yaƙi ɗaruruwa, MiG da Sukhoi da Mirage da Tupolev, Cadi kuwa kusan babu ko ɗaya. Libiya ta gina babban fili a Wadi Dum, arewacin Cadi. Ran 16 ga Fabrairun 1986 jiragen Faransa ƙirar Jaguar guda 11 suka taso daga Bangi suka farfasa titin filin. Washegari wani Tupolev 22 na Libiya ya jefa bom a filin Injamena. Amma wanda ya kashe maganar shi ne Hasan Jamus da mayaƙansa, waɗanda suka afka wa Wadi Dum cikin Maris na 1987 a kan motocin Toyota, suka kama jirage da masu saukar ungulu suna ajiye. A Satumba suka tsallaka cikin Libiya kanta, suka ƙone jirage fiye da ashirin a sansanin Matan as-Sara. Mutanen da suka san kowane tudu da kowace rijiya ta ƙasarsu sun rinjayi rundunar da ta fi kowace yawan jirage a yankin.

NACADE

Yanzu mu dawo gida. Abokin gaban da ke dajin Baban Rafi da dazuzzukan Zamfara da Katsina ba shi da jirgi. Yana kan babur, yana kwana kusa da rugar makiyayi, yana shiga kasuwa ranar kasuwa. A irin wannan yaƙi gudu ba shi da wani amfani mai yawa, shi ya sa ƙasashe suka koma sayen jirage masu farfela. Super Tucano guda 12 da Najeriya ta karɓa a 2021 gudunsu bai wuce kilomita 590 ba, wato kusan na Spitfire na 1940, amma suna iya daɗewa a sama awoyi suna dubawa. Nijar ta sayi Sukhoi 25 guda biyu a 2013, ta kuma karɓi jirage marasa matuƙi ƙirar Bayraktar daga Turkiyya a 2022. Kuma kada a ɗauka jirgi ya fi ƙarfin ɗan bindiga: ran 18 ga Yulin 2021 an harbo wani Alpha Jet na Najeriya a tsakanin Zamfara da Kaduna, matuƙin ya dira da laima ya tsira.

Ran Juma'a 18 ga Fabrairun 2022 bom ya faɗa ƙauyen Nacade, cikin gundumar Madarunfa, kusa da iyaka. Gwamnan Maradi na lokacin, Shaibu Abubakar, ya shaida wa ƴan jarida cewa yara bakwai sun rasu, biyar sun ji rauni, ya ce kuskure ne na jirgin sojan Najeriya da ke bin ƴan bindiga. Rundunar Najeriya ta amsa cewa ba al'adarta ba ce ta ƙetare iyaka, ta kuma ce tana bincike. Wannan bai zama na farko ko na ƙarshe ba. A Janairun 2017 jirgi ya jefa bom a sansanin ƴan gudun hijira na Rann a Barno, mutane da dama suka hallaka, har da ma'aikatan agaji. Ran 3 ga Disamban 2023 jirgi maras matuƙi ya kashe aƙalla mutum 85 da ke taron Mauludi a Tudun Biri, jahar Kaduna. A tamu ƙasar ma, cikin Janairun 2024, hukumomi sun amsa cewa harin sama ya rutsa da fararen hula a Tyawa, jahar Tilaberi.

A duk waɗannan wurare inji bai mutu ba, bom bai ƙi tashi ba. Abin da ya yanke shi ne igiyar nan da Coningham ya ƙulla a 1941: wane ne a ƙasa ya ga abin da za a harba, wa ya tabbatar, cikin minti nawa labari ya isa ga matuƙi, kuma a bakin iyaka, shin sojan wancan gefe ya sanar da na wannan gefe? Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 dangantakar Yamai da Abuja ta yi sanyi, sai a Agustan 2024 manyan hafsoshin ƙasashen biyu, Janar Musa Salau Barmu da Janar Christopher Musa, suka zauna a Yamai a kan batun tsaron iyaka. Mutanen Ɗan Isa da na Jibiya kasuwa ɗaya suke ci, ɓarayi ɗaya ke damunsu, kuma daga sama rufin ɗakunansu iri ɗaya ne. Duk ranar da rundunonin biyu suka daina magana da juna, su ne ke cikin haɗari.

Jirgin yaƙi da kuɗin haraji da na duwan ake sayen sa, wato da gumin ɗan kasuwa da na ma'aikaci. Saboda haka idan an ji labarin sabon jirgi, mai biyan haraji yana da haƙƙin ya wuce tambayar gudu ya yi waɗanda suka fi ta: kanikawa nawa aka horar, daga ina kayan gyara za su riƙa zuwa idan an ɓata da ƙasar da ta sayar, kuɗin mai na awa nawa aka tanada a shekara, wa ke ba da izinin harbi, idan kuma an yi kuskure wa zai fito ya faɗi sakamakon bincike ya biya diyya. Rundunar da ta kakkaɓo jirage 158 ta hannun mutum ɗaya ta bar Afirka a kunyace, wadda ta kula da mai da gyara da sahihin labari daga ƙasa ita ta yi nasara.

Allah ya jiƙan yaran Nacade da sauran waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya ba iyayensu haƙuri, ya zaunar da iyakarmu lafiya.